Kwaɗon Idanre da Itacen Tarut na Sahara: Tambayoyi da Amsoshi

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Zariya. A bangon ajina akwai hotuna biyu da na liƙa kafaɗa da kafaɗa tun zangon da ya wuce. Ɗaya wani ɗan kwaɗo ne a kan jiƙaƙƙen dutse, ɗayan kuma wani tsohon itace ne tsaye shi kaɗai a cikin duwatsun hamada. Don darasi guda na liƙa su, sai ga shi sun jawo tambayoyin da minti 40 ba za su ɗauka ba. Ɗalibai suka yi nasu, suka kai labari gida, iyaye suka aiko da nasu, har a majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada maganar ta biyo ni. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da amsar da nakan bayar.

Malam, wane irin kwaɗo ne wannan, kuma a ina yake zaune?

Masana suna kiransa Sclerophrys perreti. Ni a aji kwaɗon Idanre nake ce masa, domin duk faɗin duniya wuri ɗaya tak aka san shi, wato duwatsun Idanre da ke Jihar Ondo, kusa da Akure, a ƙasar Yarabawa. Wani masanin kwaɗi ɗan ƙasar Denmak, Arne Schiøtz, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1963, ya kuma raɗa masa sunan wani abokin sana'arsa ɗan Suwizalan, Jean-Luc Perret, wanda ya daɗe yana nazarin kwaɗin Kamaru. Ba babba ba ne. Namiji bai fi santimita 4 ba, mace kuwa takan kai 6, tafin hannun yaro ma ya rufe ta.

Ɗan Najeriya ne gaba da baya. Ba a same shi a Kamaru ba, ba a same shi a Benin ba. Amma ka shiga aji a Zariya ko Kaduna ko Kano ka tambayi wanda ya taɓa jin sunansa, da wuya ka ga hannu a sama. Wannan shi ne dalilin farko da ya sa na liƙa hoton.

Itacen fa?

Abzinawan yankinsa suna ce masa tarut, masana kuma Cupressus dupreziana. Konifa ne. Yana kan tsaunin Tassili n'Ajjer, a kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da garin Djanet, daf da iyakar Libiya. Wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Duprez, shi ya kai rahotonsa ga masana a 1924, sannan wata masaniyar tsirrai, Aimée Camus, ta ba shi sunan kimiyya a 1926. Abzinawa dai sun san abinsu tun kafin a haifi kakan Duprez.

An ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ƙidayar farkon shekarun 1970 ta sami 230, wadda aka wallafa a 2002 kuma ta sami 233, a warwatse cikin wani zirin ƙasa mai tsawon kilomita 120. Mafi girmansu ya kai mita 22 a tsaye, kewayen kututturensa mita 12, sai manya bakwai sun riƙe hannu kafin su zagaye shi. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 2,000.

Kun ce konifa ne. Mene ne konifa, kuma muna da su a nan?

Ku dubi mangwaro. Yakan yi fure, furen ya zama ɗa, ƙwallon yana ɓoye a cikin ɗan. Haka ɗorawa, haka tsamiya, haka kusan duk itacen da muka tashi muka gani. Konifa ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya irin waɗannan. Irinsa a tsirara yake, kwance tsakanin ɓawon wani dunƙule mai tauri kamar katako, wanda idan ya bushe sai ya buɗe, irin ya zube. Ganyen yawancinsu ko dai siriri ne kamar allura, ko ƙanana ne a manne da reshe kamar ɓawon kifi. Na tarut irin na biyun ne. Dangi ne tsoho, ya riga masu fure zuwa duniya da nisa, kuma yau nau'insa 600 da 'yan kai ne kawai.

A ƙasar Hausa ba mu da konifa na asali, shi ya sa harshenmu bai tanadi suna gare shi ba. A Najeriya sai ka hau manyan tsaunukan Taraba, wajen iyakar Kamaru, kafin ka ga wani mai suna Podocarpus yana fitowa da kansa. Amma akwai na dashe. Ma'aikatan gandun daji sun shuka wani nau'in da aka kawo daga yankin Karibiyan a Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunin Jos, kuma a Samaru akwai tashar binciken itatuwan dajin Arewa. Wannan itacen ado mai rassa hawa-hawa da masu sayar da furanni ke kira bishiyar Kirsimeti, shi ma konifa ne. Amma dogon itacen nan siriri mai ganye a sunkuye da ake jerawa a jikin katangar gidaje ba ya cikinsu, ɗan Indiya ne mai fure.

To, Malam, me ya haɗa kwaɗo da itace har za a gwada su?

Ta fuskar jini babu abin da ya haɗa su. Ɗaya dabba ne mai tsalle, ɗaya tsiro ne da ya shekara dubu biyu bai gusa ba. Ɗaya yana kudu inda ruwa ke kwarara, ɗaya yana tsakiyar Sahara. Dutse da ruwa ne suka haɗa su. Kowannensu yana da gida ɗaya a kan dutse, kuma kowannensu ya dogara da ɗan ruwan da dutsen ke riƙe masa.

Amma abin da ya fi ja hankalina shi ne inda suka rabu, domin rashin yawa iri biyu ne, kuma mutane sukan haɗa su a kwando ɗaya. Tarut ya yi ƙaranci ne saboda duniyar da ya dace da ita ta tashi ta bar shi. Kamar dattijo ne da duk sa'o'insa suka rasu, unguwar ta watse, shi kaɗai ya rage a zaure. Kwaɗon Idanre kuwa ba a san shi da wani gida ba in ban da wannan. A inda yake, yana haihuwa, zuriyarsa tana ci gaba. Matsalarsa ita ce dukiyarsa duka a ɗaki ɗaya take, ranar da gobara ta kama ɗakin, shi ke nan. Idan cuta ta bambanta, magani ma dole ya bambanta, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ba kowa maganin ɗan'uwansa.

Yaya itace zai rayu a inda ba a ruwan sama?

Ana yi, sai dai kaɗan. Abin da ke sauka a wurin a shekara bai fi milimita 30 ba. Mu a Zariya muna samun wajen milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba, kuma ruwa ɗaya mai ƙarfi na markar Agusta yakan zubar da fiye da abin da tarut ke gani a shekara guda.

Dabararsa ta farko ita ce wurin tsayuwa. Yawancin itatuwan suna cikin busassun kwaruruka ne, inda duk ɗigon da ya faɗi a kan falalen dutse yake gangarowa ya taru ya nutse cikin yashi da tsagar dutse. Dutse ba ya shan ruwa, turawa yake yi, saboda haka itace ɗaya a kwari yana cin rabon fili mai faɗi. Ta biyu, tudu. Suna sama da mita 1,400 daga doron teku, inda zafi bai kai na ƙasa ba. Ta uku, ganye. Ƙananan ganyen nan da suka manne da reshe ba sa barin ruwa ya fice da yawa. Tsohon itace mai dogayen saiwoyi yakan jure shekarun fari a jere. Ɗan tsiro ne ba ya iyawa, don kafin saiwarsa ta kai ga laima rana ta gama da shi, in kuwa ya tsira daga rana, ga akuya da raƙumi.

Wa ya kai shi can tun farko?

Ba wanda ya kai shi. Sahara ce ta sāke. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, inda yake hamada yau akwai ciyawa da tafkuna da koguna. Shaidar tana jikin duwatsun Tassili ɗin kansu, inda mutanen zamanin da suka wuce suka bar zane da sassaƙa fiye da 15,000, cikinsu har da garken shanu da raƙuman dawa da dorina. Wannan na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Mu ma muna da tamu shaidar a gida: kwalekwalen Dufuna da aka gano a Jihar Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, ya fito ne daga zamanin da Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Masana suna ɗaukar tarut a matsayin ragowar dajin da ya samu a lokutan da ƙasar ke da ni'ima. Ruwa ya janye, dajin ya mutu sannu a hankali, sai 'yan tsirarun da suka dace da kwari mai kyau.

Tsaunin da yankin da aka killace sun kai murabba'in kilomita 72,000, sun fi Jihar Kaduna girma nesa ba kusa ba. Ku auna itace 233 a cikin wannan fili.

Me ya raba kwaɗon Idanre da wanda muke gani a gindin randa?

'Yan gida ɗaya ne. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke laɓewa a gindin randa ko fitowa ƙarƙashin fitila da dare yana lasar ƙwari, sunansa Sclerophrys regularis. Kun ga sunan farko ɗaya ne. Amma halinsu ya sha bamban. Namu ba ya zaɓe. Kududdufi, lambatu, fadama, bakin Kubanni ko Galma, ko ramin da aka haƙa don yin bulo, duk inda ruwa ya kwanta macen za ta zuba ƙwai dubbai a jere kamar zaren carbi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe baƙaƙe masu jela, su yi ta iyo har ƙafafu su fito. Shi ya sa ya cika Afirka.

Na Idanre 'ya'yansa ba a tafki suke girma ba. A jikin dutse suke, cikin ɗan siririn ruwan nan da ke tsatsowa yana silalowa a kan falale bayan an yi ruwa, wani lokaci ma a inda dutsen ya kusa miƙewa tsaye. A nan suke manne, suna kankarar gansakuka, ruwan da ƙyar yake rufe bayansu. Manyan kuma suna fakewa cikin 'yan kurmin ciyawa da tsirrai da suka kafu a kan dutsen. Wannan ciyawa ita ce ke riƙe ruwan sama kamar soso tana sakinsa a hankali. In aka sare ta ko aka cinna mata wuta, silalar ruwan za ta ƙafe da wuri, dutsen ya ɗau zafi. Hausawa sun ce ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne, to balle dutse mai zafi ga ɗan da bai yi ƙafa ba.

Kada a manta, kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar cikinsa yake tsotsa, kuma wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata ne. Duk abin da ya shiga ruwan, maganin feshi ne ko wani abu, ya shiga jikinsa.

An ce ya ɓace shekara 40. Ina ya shiga?

Bai je ko'ina ba. Daga 1970 ba a sake samun masanin da ya rubuta cewa ya gan shi ba, har aka fara lissafa shi cikin ɓatattu. A 2013 wasu masana, cikinsu akwai Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas da Mark-Oliver Rödel na gidan adana halittu da ke Balin a Jamus, suka hau duwatsun suka same shi a daidai inda aka fara ganinsa, yana nan da zuriyarsa. Suka duba wasu duwatsu masu kama da na Idanre, ba su same shi ba. A rahoton da suka fitar a 2014 suka ba da shawarar a sa shi a ajin halittun da ke cikin mafi tsananin haɗari.

Wannan labari yana taɓa ni. Idanre ba ƙurmus ba ne. Gari ne babba na manoman koko, ga tsohon garin a kan dutse, ga matakala fiye da 600 da baƙi ke hawa don yawon buɗe ido. Shekara 43 mutane suna wucewa ta gefensa. Itacen da ke tsakiyar Sahara an ƙirga shi har an san wanda ya mutu da wanda ya tsiro, kwaɗon da ke kusa da babban birnin jiha kuwa ba mai labarinsa. Babba ana ganinsa daga nesa. Ƙarami sai an durƙusa, da dare, da tocila, a kan dutse mai santsi.

Gaskiya ne wai tarut ba shi da uwa?

Wannan tambayar wata ɗaliba ce ta fara yin ta, kuma ita ce na fi jin daɗin amsawa. A ƙa'ida, ɗan mutum ko ɗan akuya ko ƙwayar gero, kowanne yana ɗaukar rabin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Wanda ya taɓa shiga gonar gero lokacin bununi ya san garin nan da ke tashi ya manne a riga. Shi ne rabon uba, kuma rabi kawai yake ɗauke da shi, sai ya haɗu da rabin uwa iri ya samu.

Garin tarut ba rabi yake ɗauka ba, cikakken gado yake tafe da shi. Idan ya sauka a dunƙulen mace, ɗan da zai fito na uban ne shi kaɗai. Macen ba ta sa masa komai na gadonta ba, ciyar da shi kawai take yi ta rufe shi da ɓawo. Uwar goyo ce, ba mahaifiya ba. Wani masani ɗan Faransa, Christian Pichot, da abokan aikinsa ne suka bayyana haka a 2001. Sun ɗauki garin tarut suka zuba a kan wani ɗan'uwansa na bakin Bahar Rum, Cupressus sempervirens, sai irin ya tsiro tarut zalla, babu ko alamar itacen da ya goya shi. Akwai tsirrai da yawa da uwa ke yin iri ba uba. Amma uba ya yi ba uwa, a tarut aka fara ganin haka a duniyar tsirrai.

Abin yana da tsada. Yawancin irin da yake zubarwa fanko ne, kaɗan ne ke da rai a ciki. Kuma ɗan da ya fito kusan kwafin ubansa ne, kamar yadda manomi ke dasa rake ko rogo daga kara. Manoma sun san illar haka: cutar da ta kama ɗaya ta sami hanyar kama duka.

Wanne ya fi shiga haɗari a cikinsu?

In ana bin lissafi ne, sai a ce itacen, tunda 233 ne kacal. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata.

Tarut yana da inda ya ajiye ajiya. Ana iya tara irinsa a adana, ana iya renonsa a tukunya. An shuka shi a lambunan kudancin Turai, an shuka shi a gandun itatuwa na Kambera a Ostireliya. Ko da na Tassili sun ƙare, Allah ya kiyaye, nau'in bai ƙare ba. Sannan yana da tsawon rai. Itacen da ya ga shekara 2,000 zai iya jiran damina mai kyau ko da sau ɗaya ce a shekara 50, kuma ƙidayar da aka wallafa a 2002 ta sami 'yan matasa kaɗan da suka kafu ta wannan hanya. Abin da ke cinsa a hankali shi ne sarar rassa don itacen girki, da kiwo, da fari.

Kwaɗon ba shi da irin da za a zuba a kwalba a ajiye. Ba ya shekara ɗaruruwa, saboda haka dole zuriyarsa ta riƙa sabuntawa a kai a kai, a kan dutsen nan, cikin silalar ruwan nan. 'Yan shekaru na sarar daji da ƙuna da feshi a gefen dutsen sun isa su yi masa ɓarnar da fari ya ɗauki shekaru dubbai yana yi wa tarut. Ɗaya ciwon ajali ne mai jan lokaci, ɗaya kuwa lafiyarsa ƙalau amma yana kwana a bakin rijiya. Maganin na farko reno da dashe da tsare 'yan tsiro daga dabbobi. Maganin na biyu a bar masa dutsensa da ciyawarsa yadda suke.

A dunƙule ma haka abin yake. Babban binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, konifa kuwa, a wani lissafin daban, wajen kashi 34 ne.

Malam, ko akwai kwaɗon a Dutsen Kufena?

A'a. Idanre kaɗai aka san shi. Amma tambayar tana kan hanya, domin Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur duk irin duwatsun Idanre ne a ƙira: dutse ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili kamar tsibiri. Bambancin shi ne ranin Zariya ya fi tsawo da bushewa, hunturu yakan ƙafar da komai wata da watanni. Duk da haka, wanda ya hau Kufena da damina ya san akwai 'yan ramuka a kan falale da ke riƙe ruwa, akwai ciyawar da ke bushewa ƙurmus da rani ta farfaɗo da ruwan farko. Kowane irin wannan dutse yana da 'yan gidansa, kuma abin da ke raye a samansa ba lallai ne a same shi a gonar da ke ƙasa ba.

Shi ya sa idan na ji ƙarar fasa dutse a kewayen garin nan, gabana yakan faɗi. Na san tsakuwa ake nema, na san mutane abinci suke nema da guduma a hannu cikin rana, ba na zarginsu. Amma itace in an sare shi ana iya dasa wani. Dutse in an fasa shi an loda a tifa, ba mai mayar da shi.

Kwaɗon yana da dafi? Ana cinsa?

Dangin kwaɗin nan masu kaushin baya suna da wasu kumburi biyu a bayan ido da ke fitar da farin ruwa mai ɗaci da guba, shi ya sa kare in ya cafki ɗaya yakan saki yana dalala. Ba a cinsu. Wanda ake kamawa a fadamun Arewa a busar a kai kasuwannin kudu wani ne daban, babba mai santsin jiki. Wanda ya taɓa kwaɗo ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki.

Akwai abin da ya haɗa ƙasar Hausa da wannan itace?

Akwai hanya. Tsohuwar hanyar ayari daga Kano ta bi Damagaram da Agadas ta ɓulla Gat, sannan Gadamas da Tarabulus. Gat kuwa a gindin Tassili take ta ɓangaren Libiya. Ta nan Heinrich Barth ya biyo a 1850 kafin ya iso Kano a 1851. Katakon tarut ba ya saurin ruɓewa, kuma mutanen Gat da Djanet sun yi amfani da shi wajen ƙofofi da rufin ɗaki. Duk bafataken da ya kai turkuɗi da fata Gat ya sauke kaya, a inuwar tsaunin tarut ya kwana.

Za a iya shuka shi a Zariya?

Ba na ba da wannan shawara. Itacen tudu ne mai son busasshiyar iska da sanyin dare, kuma inda aka yi nasarar renonsa wurare ne da yanayinsu ya yi nesa da markarmu. Mai ramin dashe da bokitin ruwa a Zariya, akwai masu jiransa a gida: rimi, ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, maɗaci, giginya.

Wani dattijo a majalisa ya ce: Malam, muna fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, kwaɗon Ondo da itacen Aljeriya me za su ƙare mu da shi?

Na ce masa, Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka. Ko kwabo ba za su rage a kuɗin buhun taki ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa akwai wani magani a jikinsu ba. Amma kwaɗin fadamarka ma'aikatanka ne da ba ka biya, dare duka suna cin ƙwarin da za su ci shukarka. In ka ga fadamar da a da ba a iya barci don kukansu ta yi tsit, to ka binciki ruwan da kake ba tumatir da shi kuma yaranka ke wanka a ciki. Ya kuma zo a hadisi cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi. Halitta ce da aka ba mu amanarta.

Game da itacen kuwa, sai na tambaye shi rimi nawa ya sani a cikin birni lokacin yana yaro. Ya fara lissafi, yana ambaton unguwannin da rimi ya ba su suna, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza. Na ce, to Baba, a cikin waɗanda suka rage, nawa ne ka girme su? Ya yi shiru. Haka gonakinmu suke. Ɗorawa da kaɗanyar da muke gani manya ne da kakanni suka bari, ƙananan kuwa garma da akuya da wuta ba sa barinsu su kai gwiwa. Mai wucewa zai ga inuwa ya ce itatuwa suna nan. A Tassili ma inuwar tana nan.

Mu ɗalibai me za mu iya yi daga nan?

Aiki biyu na ba ajina, kuma duk mai so yana iya ɗauka. Na farko na rani ne. Ka zaɓi itace iri ɗaya, rimi ko ɗorawa ko kuka, ka zagaya unguwarku ko gonarku da littafi. Ka raba shafi gida biyu. A dama ka sa manyan da ba za ka iya rungumewa ba, a hagu ka sa ƙananan da ba su wuce tsawonka ba. Ka tambayi mafi tsufan unguwar wa ya shuka manyan, da inda aka sare wasu, ka rubuta abin da ya faɗa da bakinsa. In ka sami ƙarami, ka nemi izinin mai wurin ka kewaye shi da ƙaya.

Na biyu na damina ne. Kowane nau'in kwaɗo da irin kukansa, kuma maza ne ke yi don kiran mata. Bayan sallar isha'i, a daren da aka yi ruwa, ka tsaya nesa kaɗan da kududdufi ko fadamar da ta fi kusa da gidanku, tare da wani babba, ka ɗauki sautin minti biyu da waya. Ka rubuta rana da unguwa da adadin muryoyi daban-daban da kunnenka ya rarrabe. Kada kowa ya hau dutse da dare ko lokacin da yake da santsi, kuma kada a kamo mini kwaɗo a leda. Littattafan ƙidayar itace zan karɓa kafin hutun ƙarshen zango, sautin kwaɗi kuwa a makon da aka yi ruwan shuka.